Idan aka rufe sunan kwalba, harshe yana faɗin gaskiya kuwa?

DanWusasa:
Jama'a barkanmu da warhaka. Wani abu ya faru a wurin aikina daren Litinin, har yanzu yana cina a rai, shi ne na ce bari in kawo shi zaure. Waɗanda suka san ni sun san shekarata shida ina aiki a wani gidan abinci a Landan, kuma ni Kirista ne, don kada wani ya yi mamakin maganar.

Bayan an tashi aiki manajanmu ya tara mu, mu tara. Ya jera kwalabe takwas na jar giyar inabi, dukansu daga yankin Bodo na Faransa, dukansu na kakar 2015. Kowace kwalba an zura ta cikin baƙar safa an ɗaure wuyan, an manna mata lamba. Shi kansa bai san wace ce wace ba, domin yaron da ke wanke-wanke ya sa ya cakuɗa su. Aka ba kowa kofin gilashi takwas, takarda da biro, ruwa, busasshen burodi, da bokitin tofarwa. Ba sha ake yi ba. Ka dubi kalarta, ka shinshina, ka kurɓa ka juya a baki, ka tofar, ka rubuta maki daga cikin 20. Ba mai cewa uffan sai kowa ya gama.

Da aka cire safa, kwalbar da muke sayar wa baƙi a kuɗin da ya kusa albashina na mako guda ita ta zo ta biyar. Wadda ta zo ta biyu kuwa, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin takwas na waccan ba. Ni da hannuna na ba mai tsadar 13, alhali shekara uku ina tsayawa gaban baƙi ina yabonta har cikin zuciyata.

To harshen ne ya faɗi gaskiya da aka ɓoye masa suna, ko mu ne ba mu iya ba? Kuma wannan bai tsaya kan giya ba, duk mai saye da sayarwa ya shafe shi.

Maman_Iman:
Ni ban san giya ba, amma na san shinkafa. Sau nawa aka zazzage 'yar gida a buhun 'yar waje, mata suka dafa suna cewa ai ka ji bambanci? Ido ke fara ci kafin baki, ɗan'uwa.

Abu_Huzaifa:
Da girmamawa Malam DanWusasa, amma mafi yawanmu a nan Musulmi ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce a nisanci giya, kuma hadisi ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kanta, har da mai ɗaukarta da mai zuba ta da mai cin kuɗinta. Ban ga dalilin da za mu zauna muna tantance wadda ta fi daɗi ba.

Shugaban_Zaure:
Malam Abu Huzaifa, tunatarwarka ta isa, Allah ya saka. Hukuncin a bayyane yake ga kowane Musulmi, babu mai jayayya da shi. Amma zauren nan na masu jin Hausa ne baki ɗaya, kuma mai tambaya ya faɗi addininsa tun farko, bai kuma ce kowa ya sha ba. Za a bar maganar. Sharaɗi ɗaya: babu talla, babu gori.

Issoufou_Maradi:
Ni ma ba na sha, amma a Bodo nike karatun ilimin ƙasar noma, kuma gonakin nan mun tona ramu cikinsu ba iyaka muna duba ƙasa. Bari in yi bayanin abin da ya sa manajan ya zaɓi shekara guda, don nan hikimar take.

Inabi sau ɗaya yake 'ya'ya a shekara, a nan ana girbi wajen Satumba zuwa Oktoba. Shekarar da ka gani bisa kwalba shekarar girbi ce, ba ta zubawa cikin kwalba ba. Kowace shekara da halinta. A 2013 ruwa ya yi yawa, ƙanƙara ta faɗi, inabi ya yi ta ruɓa. A 2017 sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko ƙarshen Afrilu ya ƙone tohon gonaki da dama. Ita 2015 da kunka ɗanɗana, Yuni da Yuli zafi da fari, Agusta aka samu ruwa daidai buƙata, shi ya sa ake ƙirga ta cikin shekaru masu kyau. To in ka gwada ta 2013 da ta 2015, yanayin sama ka gwada, ba manomi ba. In duka na shekara guda ne, ka fidda sama daga lissafi. Abin da ya rage shi ne ƙasa, irin inabi, da hannun mai aiki.

Kuma ƙasar ta bambanta ƙwarai. Kogi ne ya raba yankin Bodo gefe biyu: hagu da kogi, wajen Medok, tsakuwa ce mai saurin tsane ruwa mai riƙe zafi, can irin inabin da ake kira Cabernet Sauvignon ya fi yawa. Dama da kogin Dordoñ, wajen Saint-Émilion da Pomerol, laka da farar ƙasa, can irin inabin da ake kira Merlot ke sarauta, ya fi saurin nuna kuma ya fi laushi a baki. Kamar dai jigawa da fadama ne a wurinmu. DanWusasa, kwalaben naku duk na gefe guda ne?

DanWusasa:
Na gode Malam Issoufou. A'a, biyar na hagu, uku na dama. Kuma da ka faɗi haka na koma takardar: ta ɗaya da ta biyu duk na dama ne. Mai tsadar da ta zo ta biyar daga can arewacin Medok take.

Issoufou_Maradi:
To ga wani abu kuma. Ko cikin shekara guda saman ba ɗaya ba ne. A Satumbar 2015 ruwa ya fi sauka can arewacin Medok, gefen Margaux da ke kudancin Medok da na dama sun fi samun sauƙi. Ko a gida ka sani, ana yin ruwa a gari a tsallake ƙauyen da ke kusa. Saboda haka fidda sama daga lissafi da na ce, ba duka take fita ba.

Tsohon_Dan_Jarida:
Abin da ya same ku ya sami waɗanda suka fi ku suna. Ranar 24 ga Mayu 1976 wani Bature ɗan Ingila mai shagon giya a Faris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai tara, dukansu Faransawa, manyan masana da masu gidajen abinci. Ya ba su giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga suna ba. A lokacin babu wanda ke ɗaukar ta Amurka da wata daraja, shi kansa Spurrier ta Faransa yake sayarwa. Aka tattara maki, a ɓangaren ja wata Stag's Leap ta kwarin Napa a Kalifoniya ta zo ta ɗaya, ta wuce manyan giyar Bodo irin su Mouton Rothschild da Haut-Brion da Montrose. A ɓangaren fara ma ta Kalifoniya ce, Chateau Montelena. Ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, har ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Ɗan jarida guda ne kawai ya halarta, George Taber na mujallar Time, kuma da bai je ba da labarin ya mutu a ɗakin.

Ni wannan ya ishe ni hujja. Suna jari ne, wanda ya gada yana ci ko bai yi aiki ba. Ka duba, jerin darajar gandayen Medok da ake bi har yau a 1855 aka tsara shi, zamanin Napoleon na Uku, kuma bisa farashin da ake sayar da su a wancan lokaci aka jera. Babban canjin da aka yi tun daga nan shi ne ɗaga Mouton zuwa sahun farko a 1973.

Hajiya_Dr_Binta:
Yallaɓai, labarin haka yake, amma akwai gyara biyu. Na farko, na Faris ba irin na DanWusasa ba ne, domin shekarun a gauraye suke. Stag's Leap ta 1973 ce, Mouton da Haut-Brion da Montrose na 1970, wata kuma ta 1971. Na biyu, tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu siririya ce ƙwarai, kuma alƙalan sun sha bamban da juna sosai. Da an sake zama washegari ba mamaki jerin ya canza.

Kimiyyar abinci nake koyarwa, kuma gwajin ɗanɗano yana cikin darasinmu, da biskit da yogot da zoɓo muke yi. Abin da mutane ba sa son ji shi ne harshe awo ne mai rawa. Wani Ba'amurke, Robert Hodgson, wanda masanin ƙididdiga ne kuma yana da gandun inabi, ya gwada alƙalan gasar baje kolin jihar Kalifoniya daga 2005. Sai a zuba wa alƙali giya ɗaya daga kwalba ɗaya a kofi uku, a warwatsa su cikin sauran bai sani ba. Kusan ɗaya cikin goma ne kaɗai ke ba kofunan uku maki masu kama da juna. Akwai wanda zai ba kofi ɗaya lambar zinariya, ya ce ɗan'uwansa bai cancanci komai ba.

A jami'ar Bodo kuma, a 2001, Frédéric Brochet da abokan aikinsa sun rina farar giya da jan launi marar ƙamshi suka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni. Suka shinshina suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja da su.

Don haka amsata ga DanWusasa: rufe suna yana cire ƙarya guda ɗaya, amma ba ya mayar da harshe sikeli. Mutum tara, zama ɗaya, bayan an wuni ana aiki, wannan bai isa a yanke wa kwalba hukunci ba.

Tsohon_Dan_Jarida:
Na karɓi gyara a kan shekarun, Hajiya. Amma ki tuna Faransawa sun ce tasu sai ta tsufa take nuna kanta. Aka jira shekara 30, a 2006 aka sake jera giyar nan a Landan da Napa lokaci guda, na Kalifoniya suka kwashe matsayi biyar na farko, Ridge Monte Bello ta 1971 a gaba. Wannan ma rawar harshe ce?

Hajiya_Dr_Binta:
A'a, wannan ya ƙara wa hujjarka nauyi, ban musa ba. Maimaitawa ita ce abin da nake nema tun farko.

Alhaji_Mai_Goro:
Salamu alaikum. Ɗana ne ya karanto mini, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Shekarata sama da talatin a harkar goro, har yanzu ina Mariri. Abin da kuke kira shekara guda, mu ma muna da shi. Ba a gwada sabon goro da daushe. Sabo yana da ruwa da bauri, yana kama maka harshe. Daushe ya kwanta cikin ganye ana juya shi ana tsince mai ƙwari, baurin ya sauka, garɗi ya fito. In ka ba yaro su biyun, ba lalle ya gane abin da ya sa daushe ya fi kuɗi ba. In za ka gwada goron wuri biyu, to su zama na kaka ɗaya kuma ajiyarsu ɗaya.

Amma batun rufe ido, ni ban yarda ido maƙaryaci ne kawai ba. Ni da ido nake fara sanin goro, sannan in ɓare in ji ƙararsa, sannan baki. Mai saye ne ido ke ruɗa, yana ganin marsa manya-manya ya ce su ne, alhali wani ƙaramin ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba.

DanWusasa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi kalmar da na rasa ke nan, bauri. Shekara shida ina faɗinta da Turanci ban taɓa haɗa ta da goro ba. Abin da ke sa jar giya bauri daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake fitowa, domin tare da su ake jiƙa ruwan, daga nan ma jan launin yake zuwa. Gangar katakon da ake ajiye ta ciki, mai cin lita 225, ita ma tana ƙara nata. A takardata abin da na rubuta wa lamba shida, mai tsadar, shi ne ta kama mini dasashi kuma ƙamshinta a rufe yake. Manyan na Medok dama don ajiya ake yin su, wasu sai sun shekara goma sha biyar ko ashirin. Wataƙila sabon goro muka tauna muka ce bai kai ba.

Sadiq_Kmt:
To ai ka koma kare ta ke nan tun da ka san sunanta. Da a ce mai arhar ce ta kama maka dasashi, za ka ce ba ta nuna ba ne, ko za ka ce dama arha ba ta ado?

DanWusasa:
Wannan tambayar ta same ni, Sadiq. Gaskiya da cewa zan yi ba ta da kyau, in wuce.

Zee_Abuja:
Ni abin da Hajiya Dr ta ce game da zama ɗaya ya tuna mini da lemon kwalba. Pepsi ta yi ta cin Coca-Cola a gwajin kurɓi ɗaya a Amurka tun daga 1975, saboda ta fi zaƙi. Coca-Cola ta tsorata ta canza haɗinta a Afrilun 1985 bayan ta gwada mutane kusan 200,000 kuma sun zaɓi sabon. Ba a yi wata uku ba mutane suka tayar da ƙura sai da aka dawo da tsohon. Kurɓi ɗaya daban, shanye kwalba daban. Abin da ya fi zaƙi da laushi shi ke cin gasar kurɓi.

Hajiya_Dr_Binta:
Haka ne Zee. Ga kuma matsalar jeri. Bauri taruwa yake yi a baki, kofi na shida yana ɗauke da nauyin biyar da suka gabace shi. DanWusasa, dukanku daga ɗaya kuka fara zuwa takwas? In haka ne an zalunci na ƙarshe. A ɗakin gwajinmu kowane ɗalibi da nasa jerin daban.

DanWusasa:
Duka daga ɗaya muka fara, Hajiya. Babu wanda ya yi wannan tunanin.

Abu_Huzaifa:
Tun da an bar maganar, bari in faɗi abin da ya shafe ni. Zuma nake sayarwa. Na taɓa ɗura zumar gida a kwalba mai rubutun Larabci da ta zama fanko, ba don in sayar ba, don ita ce a kusa. Wani abokina ya lasa ya ce ai ta Saudiyya daban ce, tamu ba ta kama ƙafarta ba. Da na gaya masa daga amyar ƙanena take a ƙauye, bai ji daɗi ba. Tun ranar ba na sake zuba kaya a mazubin da ba nasa ba, domin na ga yadda algus yake da sauƙi ko mutum bai yi niyya ba. Matsayina a kan giya yana nan yadda na faɗa.

Ladi_Jos:
Malam Abu Huzaifa mun gode da ka dawo da wannan. Ni wani gefen nake so in taɓo. Yaya DanWusasa ya ce sai yau ya sami kalmar bauri. Na zauna a Kef Tawun shekara biyu, kuma can na ji labarin 'yan Zimbabuwe huɗu da suka je Afirka ta Kudu neman abinci, suka fara daga ƙananan ayyuka har suka zama masu zaɓar giya a manyan gidajen abinci. A 2017 suka wakilci ƙasarsu a gasar duniya ta ɗanɗano a rufe da wata mujallar Faransa ke shiryawa, inda ake so ka faɗi irin inabi, ƙasa, yanki da shekara. Karon farko sun zo kusa da ƙarshe, shekara mai zuwa suka haura sosai. Abin da ya tsaya mini shi ne littattafan koyon duk da 'ya'yan itacen Turai suke kwatance, waɗanda yaron da ya tashi a ƙauyen Afirka bai taɓa sa wa a baki ba. Sai da suka koma kwatantawa da 'ya'yan itacen da suka ci suna yara.

To kai Yaya, in ka shinshina, me kake ji da gaske? Ɗinya? Kanya? Tsamiya? Ko abin da aka ce ka ji?

DanWusasa:
Ladi, lamba uku, wadda ta zo ta biyu, ɗinya na ji, ɗinyar da ta nuna ta faɗo da kanta. Amma ban rubuta haka ba, na rubuta sunan wani ɗan itace da sau biyu na taɓa cinsa a rayuwata. Wata kuma tana da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari.

Garba_Tela:
Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku. Wanda ya sayi kwalba mai tsada ba ruwan da ke ciki kaɗai ya saya ba. Shadda nake ɗinkawa. In ka rufe wa mutum ido ka ba shi gezna da wata mai kyau ta ƙasa da ita ya shafa, ba kowa zai bambance ba. Amma ranar ɗaurin aure ba da ido rufe ake zuwa ba. Daɗin da mutum ya ji don ya san abin da ya saka, daɗi ne na gaske, ba ƙarya ba ne.

Hajiya_Dr_Binta:
Malam Garba, bincike ma yana bayanka a nan. A 2008 masu bincike a Kalifoniya sun ba mutane giya ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya ta dala 90, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ɓangaren da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsi da aka ambaci 90. Wato ba faɗa kawai suka yi don kunya ba, sun ji ɗin.

Maman_Iman:
To amma wa ya ci ribar wannan daɗin? Mai buhun shinkafar nan ma zai iya cewa ai kun ji daɗi. Ni dai kuɗina ya tafi a kan buhu.

Sadiq_Kmt:
Bambancin shi ne mai buhu ƙarya ya yi. Mai kwalbar DanWusasa bai yi ƙarya ba, abin da ya rubuta shi ne a ciki.

Issoufou_Maradi:
Kuma tsadar ba duka suna ba ce. Na ga gandun da ake rage nonnan inabi tun suna kore don sauran su yi ƙarfi, a tsinke da hannu, a zauna a tsince ƙwaya-ƙwaya, a sayi sabbin ganguna kowace shekara. Wannan kuɗi ne. Amma ko ya kai ninki takwas, nan kam kasuwa ce ke magana, ba gona ba.

DanWusasa:
Na nuna wa manajan abin da Hajiya Dr ta rubuta. Ya yarda mu sake, amma da kwalba biyu kawai, lamba uku da lamba shida, don ba zai iya sake buɗe takwas ba. Hajiya, yaya za mu tsara shi?

Hajiya_Dr_Binta:
Ku yi gwajin kofi uku. Kowa a ba shi uku, biyu daga kwalba ɗaya, ɗaya daga ɗayar, ya nuna bare a cikinsu. Kada a tambaye shi wadda ta fi daɗi tukuna. Mai cankar banza ma yana dacewa sau ɗaya cikin uku, saboda haka kowa ya yi aƙalla zagaye uku, ana canza jeri. Wanda ya zuba kada ya zauna a ɗakin. Ku yi da rana kafin a fara aiki, ba da dare ba, kuma kwalaben su yi sanyi ɗaya, a buɗe su lokaci ɗaya. Wanda ya iya ware bare a kai a kai, shi za a tambaya wadda ya fi so.

Alhaji_Mai_Goro:
Ku ajiye ragowar mai baurin zuwa washegari ku sake ji. In irin daushe ce za ta sauko.

DanWusasa:
Za mu yi haka Baba, dama in ta sha iska takan saki. Litinin mai zuwa ne da ƙarfe biyu. Wannan karon da Hausa zan rubuta takardata.

Ladi_Jos:
Ka turo mana hoton takardar in kun gama, Yaya. Ina so in ga ko ɗinyar za ta sake fitowa.